Sunan da Ke Saman Gonar Ya Fanna

Ƴaƴana, na san wata rana za ku ji ana faɗa a gidan biki, da murya ƙasa-ƙasa, cewa uwarku ta kunyata kawunta a gaban jama'a saboda wata na'ura. Ban tsufa ba tukuna, ku ma ba ku kai karatun wannan ba, amma gara in rubuta tun abin yana ɗanye a raina, kafin masu ba da labari su gama ƙara masa gishiri.

A shekarar da abin ya faru na gama lakkol, wato makarantar boko, ina zaune a gidanmu na Diffa, ba aikin da nake yi sai rubuta ƴan waƙoƙi a bayan tsofaffin littattafaina. Baba ma'aikacin gwamnati ne da aka turo daga Damagaram. Ya zo da niyyar shekara biyu, ya ga Inna, ya manta hanyar komawa. Inna kuwa Babarbariya ce, ƴar wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, gaba kaɗan da Asaga. Yayanta, Kawu Idris, shi ne ya fara sayen injin ban ruwa a ƙauyen, kuma ya riƙe ni kamar ƴar cikinsa. Shi ya kai ni koyon buga takarda a inji. Shi ne kuma ya shigo gidanmu wata safiya a kan babur, yana warin fetur da tattasai, yana ƙwala kira tun daga ƙofa.

"Dije! Ina sarauniyar mafarki? Ɗauko mayafinki. Na samo miki aiki inda za ki zauna a inuwa, fanka tana kaɗa ki."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Wannan? Wadda za ta ɗora tukunya ta manta, tana kallon gajimare?"

"To ai can babu tukunya, Bintu. Talabijin ce mai haƙora, dannawa kawai ake yi."

Wani furoje ne, wato shirin raya karkara, ya zo da niyyar rubuta gonakin tattasai na kwarin, a ba kowane manomi katin shaida da sunansa a kai, Bulama, wato mai gari, ya sa hannu, hukuma ta buga hatimi. An riga an tura ma'aikata ƙauyuka sun cika takardu. Abin da ya rage shi ne a zuba su cikin kwamfuta. Ranar da aka yaye zanen da aka lulluɓe ta da shi, zuciyata ta buga kamar an ce ga angona. Allon ya yi haske shuɗi, irin shuɗin sama bayan ruwa. Na motsa hannuna a kan tebur, sai wata ƴar kibiya ta motsa can cikin gilashi, kamar ƙaramin kifi a ƙarƙashin ruwa. Na yi ƙara, na rufe baki da mayafi. Makonnin nan ko abinci ba na tsayawa ci sosai. Da safe ni ce ta farko a ƙofar biro, wato ofishinmu, ina jiran mai gadi ya kawo makulli. Idan aka ɗauke wuta, duk mu yi salati baki ɗaya, in zauna ina kallon baƙin allon ina roƙon Allah kada aikina ya bi ta.

Mutum biyu ne a kaina. Shef, wato shugabanmu Mushe Abdu, dogon mutum daga yamma, mai son komai ya fito tsaf. Sai Malam Yunus, wanda aka ɗauko daga Maiduguri ya koya mana na'urar, gajere, mai surutu, ba ya iya jimla ɗaya ta Hausa bai jefa Ingilishi ba. Shirin da ya ɗora wa kwamfutar da Ingilishi yake. Kowace gona tana da shafinta, a saman shafin kuma akwai lakabi: sunan mai gona, sai wata ƴar ƙugiya rataye a sama, sai harafin s, sai kalmar gona. Da haka suke nuna abin wane ne. A kan Bukar ko Musa babu damuwa. Amma idan sunan da kansa ya ƙare da s, sai harafin ya fito sau biyu, ƙugiyar a tsakani. Shef ya gani ya ce ba za a buga wannan a kati ba, za a zaci hannun sakatariya ne ya zame. Kwana uku suna musu, ni ina tsakiya ina danne dariya.

"Haba Shef, sunana ne fa! Ni Yunus, ni na san yadda ake mallaka mini abu da Turanci."

"Sunanka ne, amma sa hannuna ne zai hau katin. Macizai biyu a jere da ƙugiya a tsakaninsu? A'a, Malam. Ɗaya ya isa."

"Wallahi ko a can su ma Turawan ba su gama wannan rigimar ba."

"To su ci gaba. Mu nan Diffa mun gama."

Shef ya yi nasara, amma na'urar ba ta iya gyarawa da kanta. Sai aka ce in bi sunayen da suka ƙare da s ɗaya bayan ɗaya, in buɗe shafi, in cire harafin na biyu, in bar ƙugiyar. Malam Yunus ya tura mini kujera yana cewa duk wani Abbas, duk wata Bilkis, duk wani Idris na kwarin nan ya zama nawa.

Ni kuwa murna na yi, domin a ƙasan kowane lakabi an rubuta iyakokin gonar, kuma ina karanta su kamar waƙa. Gabas kogi, yamma hanyar shanu. Kudu tsohuwar rijiya, arewa bagaruwa. Ina zaune a Diffa amma ina yawo a bakin ruwa. Da na iso ƙauyen su Inna, na buɗe shafin farko na Kawu Idris, na yi murmushi na gyara masa suna da kulawa ta musamman. Na buɗe na biyu, na uku. Sai ga na huɗu, ga na biyar. Na tsaya na ƙirga, shafi goma sha huɗu. Kawu gona uku gare shi. Na san su, na kai abinci kowacce ina ƙarama. Da na kai shafi na tara sai na maimaita karatun, domin an rubuta: gonar da ke tsakanin goriba biyu, gabas kogi, arewa hanyar shanu.

Wannan gonar Ya Fanna ce. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, gonar kuma ta gada daga mahaifinta. Ƴarta ɗaya, Yagana, tana aure can N'Gelbeli. Duk hutun da aka kai ni ƙauye, a gindin goribar nan nake zama, Ya Fanna tana cire ciyawa tana yi mini tatsuniya da Barbarci, in ba ta amsa da Hausa, ta ce harshena ya lalace a birni. Ba ta da komai a duniya sai wannan ƙasar.

Babu wanda ya yi ƙarya, wannan ina so ku riƙe. A kwarinmu ana kiran gonaki da sunan injin da ke shayar da su. Idan ka tambayi hanya, za a ce maka ka wuce gonakin Idris ka sauka gonakin Malam Ari, ko da yake kowa ya san cikinsu akwai na mutum goma. Mai inji yana ba da ruwa, a ba shi rabonsa na tattasai idan an tsinka, shi ke nan. Ma'aikatan furoje baƙi ne. Sun je da safe, suka tsaya inda suka ga jama'a, wato bakin inji, suka yi ta nuna gonaki suna tambaya, ana ba su amsar da aka saba. Suka rubuta.

Da na faɗa a gida, Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya.

"Ki rufe bakinki, Dije. Wa ya ɗora ki a kujerar nan? Aikinki cire harafi ne, ki cire ki wuce."

"Inna, Ya Fanna ce fa."

"Na san ko wace ce. Yayana ba ɓarawo ba ne."

Baba yana kan tabarma da rediyonsa. Bai cika shiga maganar dangin Inna ba, amma ranar ya rage murya ya ce, "Bintu, shekara ashirin ina aikin takarda. Abin da aka buga wa hatimi bana, shi alƙali zai karanta bayan duk waɗanda suka san gaskiya sun kwanta."

Ranar kasuwa na nemi Kawu a layin masu tattasai, cikin buhuna masu tsawo kamar mutane, ana atishawa ta ko'ina. Ya ga ni ya washe baki, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Na fara da labarin macizan Shef, ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan na faɗa masa shafi goma sha huɗu.

"Ke ma dai! Kowa a ƙauye ya san gonar Fanna ce. Wa zai hana ta noma?"

"To in nemi a gyara, Kawu?"

Dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali. Ya daɗe yana murza busasshen tattasai a tafin hannu.

"Ki bar shi yadda yake. Shekara goma ruwana yana shiga gonar nan. Fanna ta tsufa, ƴarta tana can cikin raƙuma, ba ta san tattasai ba sai a miya. Ranar da ta faɗi, wa zai noma? Gara ta zauna a hannun wanda ya san ta. Cire macijinki ki wuce, ƴata."

Na ajiye lemon. Ban ƙarasa shi ba. Ban taɓa jin tsoron Kawu ba sai ranar, kuma ba don ya ɗaga murya ba, sai don ya yarda da abin da yake faɗa.

Na gwada Shef ba tare da na ambaci suna ba. Na ce idan na ga an sa wa gona sunan da ba na mai ita ba fa? Ya ce harafi nawa ne, suna kuwa ba a taɓa shi sai da shaidar jama'a a gaban Bulama. Sauran mako ɗaya a buga katunan.

A cikin makon nan ne Komadugu ya dawo. Ku da za ku tashi kuna ganinsa, kada ku bari ya zama muku abin banza. Watanni yana kwance busasshe, yashi fari, awaki suna tsallaka shi zuwa Najeriya su dawo. Sai rana ɗaya labari ya iso cewa ruwa yana tafe. Muka rufe biro, har da Shef, muka bi jama'a da gudu. Ga kan ruwan nan yana tahowa a hankali kamar baƙo mai kunya, yana tura kara da kumfa a gabansa, yashi yana sha yana huci. Mata suna guɗa, tsofaffi suna shafa ruwan a fuska. Na cire takalmi na shiga har idon sawu, ina dariya ni kaɗai. A nan, ina kallon mutanen da suka taru kowa ya san kowa, tunanin ya zo mini. Na juya na kama hannun rigar Malam Yunus, na manta da kunya.

"Malam! Mu kai musu kwamfutar! Mu karanta kowane shafi a gabansu kafin a buga!"

Shef ya ce, "Kwamfuta a daji? Yarinyar nan rana ta taɓa ki."

Amma Malam Yunus ya riga ya kama wuta. Ya ce yana da ƙaramin janareto, ya ce babu furojen da ya taɓa yin haka, ya ce za a yi maganar Shef har Yamai. Kafin mu sa takalma Shef ya yarda, ya ce a fara da ƙauye ɗaya a gani. Ya tambaye ni wanne. Na faɗi na su Inna.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Kwana huɗu ne tsakanin ranar da tafiyar. Da na je na sami Kawu na ce ga abin da za a yi, da ya sami damar zuwa biro da ƙafarsa ya ce an yi kuskure, ya fito da girmansa. Ban je ba. Na ji tsoron ya kalle ni ya ce in bari, domin na san idan ya sake faɗa sau ɗaya zan bari.

Muka tafi da hantsi a motar furoje. An naɗe allon cikin bargo biyu an ɗora mini a cinya, na rungume shi kamar jariri, kowane rami sai in ce wayyo. Da muka isa ƙauyen ya fito kaf. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, aka kawo teburin Bulama. Janareto ya tashi, allon ya yi haske, sai guɗa ta kaure. Wani tsoho ya matso ya ɗaga wa na'urar hannu biyu ya ce mata wushe, wushe, wato sannu da Barbarci, Malam Yunus ya amsa a madadinta da siririyar murya, wuri ya ɓarke da dariya. Na fara karantawa da Hausa ina maimaitawa da Barbarci. In faɗi iyakoki, in faɗi suna, jama'a su ce haka ne. Sai injin bugawa ya yi ƙugi ya turo kati da ɗuminsa. Mutumin farko ya karɓa da hannu biyu yana juya shi, bai san ina ne sama ba. Ban taɓa jin daɗin muryata kamar ranar ba. Kawu yana zaune kusa da Bulama cikin babbar riga, yana nuna ni da haɓa yana gaya wa na kusa da shi, ƴar ƙanwata ce wannan, ni na kai ta.

Na karanta gonakinsa uku, aka ce haka ne. Na tsallake zuwa shafi na tara, domin na san idan ban fara da shi ba ƙarfina zai ƙare. Na ɗaga murya.

"Gona tsakanin goriba biyu, gabas kogi, arewa hanyar shanu. An rubuta ta Idris ce."

Ba wanda ya ce haka ne. Sai ƙarar janareto kawai. Can daga tabarmar mata muka ji dariya, Ya Fanna ce, tana tafa hannu.

"Kai Idris! Yaushe na sayar maka ban sani ba? Ko aurena za ka yi a ɓoye ka gaje ni? Ai da ka faɗa na yi lalle!"

Mata suka kwashe da dariya, wasu mazan ma. Ita da gaske wasa ta ɗauke shi. Bulama bai yi dariya ba. Ya juya ya ce, "Idris?"

Kawu bai kalli Bulama ba, ni ya kalla. Ban san tsawon lokacin ba. Na ga ya gane cewa na sani tun kafin mu taso, kuma na bar shi ya zauna yana yabona.

Ya ce, "Ruwan nawa ne. Ƙasar tata ce."

Sannan ya miƙe tsaye, ya ce in karanto sauran. In faɗi iyaka, shi ya faɗi mai gona, ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da muka gama ya karɓi katunansa uku ya sa a aljihu, ya yi wa Bulama sallama, ya hau babur. Ni ko duban inda nake bai sake yi ba.

Na goge sunansa daga shafi na tara na rubuta Fanna. Da katin ya fito ta zo tana dogara sanda, ta ce in nuna mata inda take. Na ɗora yatsanta a kan sunan.

"Ɗan wannan ne duka? Gona mai faɗi haka, sai ɗan wannan?"

Ta naɗe shi a gefen zaninta ta ɗaure tamau, ta ja kunnena ta ce har yanzu Barbarcina na ƴan birni ne.

An ci gaba da kai kwamfutar ƙauyuka har aka gama, kuma kusan ko'ina sai an sami irin wannan. Shef ya riƙa gabatar da ni ga baƙi. Amma a shekarar ruwan Kawu bai kai gindin goriba ba. Ya ce tiyon ban ruwa ya gaza kaiwa can. Ya Fanna ta shayar da ɗan gefen da ke kusa da kogi da bokiti, da bayanta na tsufa, sauran gonar ta zauna fayau. Abin da ta tsinka bai kai ta rani ba. Na je na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, ta ce in tashi kada in jiƙa mata tabarma, badi ma shekara ce. Sai da shekara ta zagayo Malam Ari ya ja mata ruwa daga injinsa. Inna ta yi wata biyu ba ta yi mini magana sai ta aike. Da ta buɗe baki abu ɗaya ta ce, da kin gaya masa. Kawu ya daina zuwa gidanmu. Ranar aurena da babanku ya aiko da rago, shi bai zo ba, kuma na yi ta kallon ƙofa har aka fita da ni.

Bayan shekara biyar Ya Fanna ta rasu. Yagana ta zo daga N'Gelbeli da ƴaƴanta. Ranar sadakar uku wasu dangin mijin marigayiyar suka taso, suka ce ɗan'uwansu ne ya noma gonar shekaru, don haka tasu ce. Yagana ba ta san kowa ba, ba ta san abin da za ta ce ba, sai kuka. Ni ina da tsohon ciki ban je ba, Inna ce ta dawo ta ba ni labari tun ba ta cire mayafi ba. Ta ce ana cikin hayaniya sai Kawu ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku daina wahalar da yarinya. Ku shiga ɗaki ku buɗe kwallar uwarta, akwai kati naɗe a tsumma. A gabana aka buga shi. Ƴar ƙanwata ce ta rubuta, kuma ba ta yin kuskure."

Aka buɗe aka samu. A daminar nan mijin Yagana ya zo ya koyi dashen tattasai, kuma injin Kawu ne ya ba su ruwa.

Har yau bai taɓa yi mini maganar ba. Idan na gaishe shi yana amsawa, gajere, yana kallon gefe. Ni kuma ban daina gaishe shi ba. Ku ma duk inda kuka gan shi, a kasuwa ko a bakin kogi, ku durƙusa har ƙasa ku gaishe shi, ku gaya masa ku ƴaƴan Dije ne.